Yadda ake ɗaukar shatar ƙaramin jirgin ruwa a Santambul a je kallon faɗuwar rana

Duk wanda ya zo Santambul, ko sarin kaya ne ya kawo shi Laleli da Osmanbey, ko ganin likita, ko ya kawo iyali hutu, kafin ya kwana uku sai wani ya tambaye shi ko ya shiga jirgin Bosforos. Toh shiga jirgin ma kala-kala ne. Akwai manyan nan da ake cusa jama'a ana kiɗa ana rawa har dare, akwai kuma ka ɗauki shatar ƙarami, kai da mutanenka kawai, awa biyu, ku fita da la'asar sakaliya ku dawo bayan an kira magariba. Wannan na biyun zan yi bayani, don na daɗe ina raka 'yan gida idan sun zo kuma kusan tambaya iri ɗaya kowa yake min.

Duk tafiyar nan abu biyu ne suke riƙe da ita, ƙarfe nawa kuka tashi, da kuma gefen da jirgi yake lokacin da rana zata faɗi. In waɗannan suka kuɓuce, ko jirgin wa ka hau kuɗinka sun tafi a banza.

Ga dalili a taƙaice. Bosforos mashigin ruwa ne da ya raba birnin gida biyu, yamma Turai gabas Asiya, tsawonsa wajen kilomita 30, ya taso daga Bahar Aswad a arewa ya faɗa tekun Marmara a kudu. Ruwan da ke sama gangarowa yake daga arewa zuwa kudu da ƙarfi, shi yasa hawa arewa yake cin lokaci, dawowa kuma nan da nan. Ita kuma rana bayan tuddan ɓangaren Turai take faɗawa, kaga in kana manne da gaɓar Turai a lokacin cikin inuwa kake, ba abin da zaka gani. Sai kana gefen Asiya kana fuskantar yamma.

Kayan da zaka tanada

Fasfo, ko aƙalla hotonsa a waya na kowa da kowa, don wasu masu jirgin sukan nemi sunaye da lambar fasfo tun kafin ranar.

Kuɗi a hannu, lira. Cikon kuɗin shata da ɗan abin da zaka miƙa wa yaran jirgi duk a hannu sun fi so, kuma kar ka dogara da katin bankin gida, yana iya ƙin aiki a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Rigar sanyi. Wannan dan Allah kar a yi gardama da ni. Ko a watan Yuli da ake gumi a cikin gari, da rana ta faɗi iskar kan ruwa sai ta ratsa mutum har ƙashi, balle yara. Wasu jiragen suna da bargo amma biyu ne ko uku, ku kuma kun kai goma.

Takalmi shafaffe mai roba a ƙasa. Hajiya a bar mai tsini a masauki, benen jirgi yana da santsi kuma yawancinsu ma zasu ce a cire takalmi ko su ba ku leda a saka a kai. Mayafi a kama shi da fil sosai. Alhaji kuma hularka, in ba ta kama kai ba a sa ta a jaka, na sha ganin hula mai tsada ta tashi ta sauka kan ruwa muna kallo tana tafiya Marmara, kyaftin ba zai juya saboda hula ba. Babbar riga ma ba kayan jirgi ba ce, iska na cika ta kuma tana kama igiya da ƙarafa, kaftani ya isa.

Maganin tashin zuciya ga wanda ya san mota ma tana juya shi. Kowane kemis na da shi, zaka ga an rubuta Eczane da babban jan E a ƙofa, ka tambayi mai kemis ɗin musamman in mai ciki ce ko ƙaramin yaro. Ana sha ne kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin shiga, kuma yana sa barci. In babu, citta a shayi ko alewar citta tana taimakawa.

Waya cike da caji, da data, don duk maganarka da mai jirgi ta WhatsApp ce. Sallaya ƙarama. Ruwa da ɗan abin taɓawa. Sai Istanbulkart, katin shiga motocin gari, zaka ga amfaninsa a mataki na 4.

Mataki na 1: Zaɓi rana, ka lissafa lokaci

Ka fara duba ƙarfe nawa ake kiran magariba a Santambul a ranar da kake so, manhajar lokutan sallah da ke wayarka ta isa in ka saita ta a kan birnin. Kar ka yi lissafi da na gida, a nan lokacin yana yawo sosai, ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:40 na dare, a Disamba kuwa wajen 5:40 na yamma an gama. Ka kuma tabbatar agogonka ya koma na Turkiyya, suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu duk shekara.

In daga Kabatash zaku tashi, wato tashar jiragen ruwa da ke gefen Turai ta kudancin mashigin, ka cire awa ɗaya da rabi daga lokacin magariba, shi ne lokacin tashinku. Misali magariba 7:30, ku tashi 6:00, ku sauka 8:00. Haka zai ba ku hasken rana na kallon gine-gine, da faɗuwar ranar kanta, da ragowar rabin awa na shafaƙi lokacin da ake kunna fitilun gada da na masallatai. In daga Bebek ko Kuruceshme ne, wato can tsakiyar mashigin, awa ɗaya da minti 10 ya isa, don komawarku hawa ne kan ruwa kuma yana cin lokaci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mai jirgi ya ce yana da gurbi ƙarfe kaza, kai kuma ka ce toh. Shi jadawalinsa yake cikewa, shata na bin shata. In gurbin bai dace da lissafinka ba ka nemi wani jirgin, suna da yawa.

Sannan ka duba hasashen yanayi kwana biyu kafin ranar. Akwai iskar da suke kira lodos, daga kudu maso yamma take zuwa, tana tayar da igiyar ruwa a bakin Marmara har jiragen fito na gwamnati sukan soke tafiya, in ita aka ce zata kaɗa ka ɗaga ranar kawai. Akwai poyraz ta arewa maso gabas, ita sanyi ne da ita amma takan wanke sama tas. Hazo mai kauri kuma yakan sa a rufe mashigin gaba ɗaya. Ɗan gajimare kaɗan ba matsala ba ne, shi ma yake sa sama ta yi ja sosai. Daga Mayu zuwa Oktoba ya fi daɗi, kuma in da hali ka guji Asabar da Lahadi, kuɗi sun fi yawa ruwa ya fi cunkoso. Kar kuma ka bar abin sai daren da zaka tashi gida, in yanayi ya ɓaci ba ranar da zaka maida shi.

Mataki na 2: Neman jirgi

Hanya uku ce. Ko ta intanet, kamfanonin shata suna da yawa da hotuna da ra'ayoyin waɗanda suka hau, ko ta masaukinka, su kuma da la'adarsu a ciki, ko ka taka da ƙafarka bakin ruwa tsakanin Kuruceshme da Arnavutkoi da Bebek inda jiragen suke ɗaure a jere ka yi magana da kyaftin baki da baki. Ni wannan ta ukun na fi so in da lokaci, don abin da idonka ya gani shi zaka hau.

Masu tare mutane a Eminonu da Sultanahmet da takarda a hannu suna kiran Bosfor Bosfor, yawancinsu tikitin babban jirgi suke sayarwa. Wani bawan Allah da ya zo da iyalinsa ya biya wani dillali a kan na su kaɗai ne, da suka je sai ga su cikin tawagar 'yan yawon buɗe ido, ana ta kiɗa, ga kwalabe a kan tebur, dillali kuma ya kashe waya. Don haka kalmar da zaka nanata ita ce jirgin ku kaɗai ne, ba wani fasinja.

Yawancin ƙananan suna ɗaukar mutum 10 ko 12, kuma yara ma mutane ne a lissafi. In kun fi haka ku nemi babba, kar ka roƙi kyaftin ya ƙara mutum biyu a kan abin da takardarsa ta yarda. Mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a kogunanmu na arewa kusan duk damina mun san abin da lodi ya wuce kima yake jawowa.

Ka ce a turo maka bidiyon jirgin na kwanan nan da sunansa a jiki, don hoton intanet yana iya zama na shekarun baya ko ma na wani jirgin. Ka duba abu uku a bidiyon: akwai ɗaki rufaffe da tsofaffi da yara zasu shiga in sanyi ya yi, akwai banɗaki mai aiki, sannan akwai ƙarfen kariya a gefe da ya kai yaro ba zai zurma ba.

Mataki na 3: Ciniki

Da awa ake biya, kuma kusan kowa awa biyu ne mafi ƙaranci. Wasu da yuro ko dala zasu faɗa maka, wasu da lira, kuma lira ba ta zama wuri ɗaya, don haka farashin da abokinka ya biya bara ka manta da shi. Ka tambayi wuri uku ka kwatanta. Ana ragi, ka taya kamar kana Kantin Kwari ba kunya, musamman ranar aiki ko lokacin sanyi.

Amma ragi ba shi ne babban abu ba, abin da ke cikin kuɗin shi ne. Ka sa ya rubuto maka waɗannan a WhatsApp, ba a baki ba:

Man jirgi da kyaftin da yaran jirgi suna ciki? A ina za a ɗauke ku a ina za a sauke ku, kuma akwai kuɗin tsayawa a tashar? Wannan tana kama mutane, domin in jirgin a Bebek yake kwana kai kuma ka ce ya zo Kabatash, wasu tun daga lokacin da ya kwance igiya suke fara ƙirga maka awa, sai ka ga awa biyunka ta koma ɗaya da rabi. Ka tambaya ƙarara, daga yaushe agogo yake farawa. Shayi da ruwa kyauta ne? Zaku iya zuwa da abincinku, kuma in kun zo da shi akwai kuɗin hidima? In yanayi ya ɓaci za a maido da kafin alƙalami ko za a sauya rana? Akwai rigar kariya ta kowa har da ta yara?

Sai maganar giya. Tsare-tsaren faɗuwar rana da yawa da ita suke zuwa a cikin kuɗin, ba tare da an tambaye ka ba. Tun a ciniki ka ce ba kwa so, ka rubuta masa alkolsuz, wato ba giya, a canza muku da lemo da 'ya'yan itace, kuma ka nemi a rage kuɗin. Ba wanda zai yi mamaki, baƙi Larabawa sun saba musu da haka. Kiɗa ma haka, in ba kwa so a faɗa, in kuna so zasu bari ka haɗa wayarka.

Kafin alƙalami ka ba da wani kaso kawai, ciko sai kun ga jirgi da idonku. Wanda ya dage sai ka biya duka tun kafin ranar kuma ba shi da ofis ba shi da shafi da aka san shi, ka ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Mataki na 4: Zuwa bakin ruwa

Hanyar bakin ruwa daga Beshiktash zuwa Ortakoi zuwa Bebek da yamma gosulo ne na fitar hankali, kuma daidai lokacin da zaku tafi kenan. Jirgi kuma ba ya jira, ko ya jira daga awarku ake cirewa, rana ma ba zata tsaya muku ba. Shi yasa ga wanda ya sauka a Aksaray ko Laleli ko Sultanahmet nake cewa ya zaɓi Kabatash ko Karakoi, ya hau tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba T1 da Istanbulkart ɗinsa, Kabatash ce tashar ƙarshe ba zaka ɓata ba. A taswirar waya Kabatas zaka rubuta. In dole sai Bebek, ku fita da wuri sosai ku je ku zauna shan shayi a can.

Ku isa minti 20 kafin lokaci, a yi la'asar a ƙasa, a riƙe alwala, yara su shiga banɗaki. Ka ce kyaftin ya turo maka ainihin inda zai tsaya a taswira, don bakin ruwan dogo ne kuma a wasu wuraren minti kaɗan ake barin jirgi ya tsaya ya ɗauki mutane. Mutanenmu kuma mun san hali, in tashi 6:00 ne ka ce musu 5:15.

Mataki na 5: Shiga jirgi

Ɗaya bayan ɗaya. Yaron jirgi zai miƙo hannu, a kama, ba wurin nuna jarumta ba ne. Jirgin yana hawa yana sauka, ka jira ya ɗago daidai da dakalin sannan ka taka, kuma kar ka taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango. Jaka da waya a miƙa su tukuna. Ƙaramin yaro a miƙa shi hannu da hannu, kar uwa ta tsallaka da goyo tana riƙe da jaka.

Kafin a kwance igiya ka ce a nuna maka inda rigunan kariya suke, ka ƙirga su da kanka. Yara da duk wanda bai iya ruwa ba su saka, ko da sun ce tana ɓata hoto. Kowane yaro a ba shi babba ɗaya da zai sa masa ido, don in aka ce kowa na kallo toh ba mai kallo. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce.

Ba a iyo a nan, ko wa ya ce ya iya. Ruwan yana da ja sosai, ga manyan jiragen dakon mai da na kaya suna wucewa dare da rana, tun yarjejeniyar Montreux ta 1936 hanya ce buɗaɗɗiya ga jiragen kasuwanci na duniya. Irin waɗannan ba su da birki, shi yasa in kaga kyaftin ya tsaya yana jira kafin ya tsallaka kar ka matsa masa. In sun wuce igiyar ruwansu zata zo ta girgiza ku sau uku huɗu, a zauna a riƙe kofin shayi, yanzu zata wuce. Wanda zuciyarsa ta fara tashi kar ya shige ɗaki ko ya duƙufa kan waya, ya zauna waje ta tsakiya ko baya, ya kafa ido kan tudu mai nisa.

Mataki na 6: Hanyar da zaka ce a bi

Ka gaya wa kyaftin tun kafin a tashi: a hau ta gefen Turai har gada ta biyu cikin gadojin da suka tsallaka mashigin, a tsallaka, a gangaro ta gefen Asiya, kuma kana so ku kasance a Kiz Kulesi, 'yar hasumiyar da ke cikin ruwa ta kudancin mashigin, minti 15 kafin magariba. Sun san wannan sarai, amma in ba ka faɗa ba wani zai yi ta inda ya fi masa sauƙin mai.

Daga Kabatash abin da zai fara tarar ku a hagu fadar Dolmabahce ce, fara doguwa a bakin ruwa, an gama ta a 1856 zamanin Sarki Abdulmajid, kuma a cikinta Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ya rasu a 1938. Gaba kaɗan fadar Ciragan wadda yanzu otal ce. Sai masallacin Ortakoi, ɗan ƙarami mai hasumiya biyu sirara, yana zaune a bakin ruwa gada ta farko na bisa kansa. Nan ne wurin hoton iyali, ka ce kyaftin ya rage gudu, kuma a ɗauka yanzu da sauran haske a fuska. Gadar an buɗe ta a 1973, a 2016 aka sauya mata suna zuwa Gadar Shahidan 15 ga Yuli. In kun shiga ƙarƙashinta ka ɗaga kai, zaka ji gurnanin motoci can sama.

Daga nan Arnavutkoi da gidajen katako masu fenti kala-kala, akwai wani lungu a wurin da ruwa yake da ƙarfi har zaka ji injin ya canza murya. Sai Bebek unguwar masu hannu da shuni. Sai kuma wurin da ni dai ban taɓa gajiya da shi ba, ganuwar Rumeli Hisari. Sarki Muhammad Alfatih ne ya gina ta a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kai, a daidai inda mashigin ya fi ƙunci, wajen mita 700 kacal, don ya datse duk wani taimako da zai zo wa birnin daga Bahar Aswad, shekara na zagayowa a 1453 ya ci garin. Daga kan ruwa ne kawai zaka gane dabarar, ka dubi hasumiyoyin nan uku manya yadda suka hau tudu, ka waiwaya ka ga ɗaya gaɓar kusa-kusa inda ƙaramar ganuwar Anadolu Hisari take, wadda Sarki Bayazid na ɗaya ya gina tun shekarun 1390, sai ka ga lallai ba jirgin da zai wuce tsakaninsu ba da izini ba. In da yara 'yan makaranta a jirgin nan ne wurin ba su labari. Gada ta biyu da ke gaba sunan Alfatih ɗin aka sa mata, 1988 aka buɗe ta.

Nan zaku juya. Gefen Asiya ya fi shiru, tsofaffin gidajen katako na bakin ruwa da suke kira yali, wasu ruwa na dukan ƙofarsu, kuma a wannan lokacin rana na haska su kai tsaye, tagoginsu sai su koma ja. Zaku wuce ƙaramar fadar Kucuksu, da dogon ginin makarantar soja ta Kuleli mai hasumiya biyu, da fadar Beylerbeyi a gindin gada ta farko, can saman tudu kuma masallacin Camlija mai hasumiya shida da aka buɗe a 2019. In kun yi sa'a zaku ga kifin dolfin suna tsalle, suna nan a mashigin, amma kar ka yi wa yara alkawari.

Ka riƙa duba agogo a nan. In kaga lokaci ya ƙure ka ce a ƙara wuta, in kuma tun wajen hawa kun makara, a juya daga Bebek a haƙura da ganuwar.

Mataki na 7: Faɗuwar ranar

Kiz Kulesi 'yar hasumiya ce a kan wani ɗan tsibiri gaban unguwar Uskudar ta gefen Asiya, an sake buɗe ta a 2023 bayan gyara. Daga nan in ka fuskanci yamma tsohon birni ne gaba ɗaya a gabanka, fadar Topkapi, Aya Sofiya, masallacin Sultanahmet, Sulaimaniyya a kan tudunta, can dama hasumiyar Galata. Inda ranar zata sauka ya danganta da wata. A tsakiyar sanyi ta wajen Topkapi da Aya Sofiya take faɗawa, wajen Maris da Oktoba ta matsa kusa da Sulaimaniyya, da zafi kuma ta koma dama wajen Galata har ta wuce. Ka ce kyaftin ya ɗan matsa sama ko ƙasa har ranar ta zo bayan abin da kake so. Saboda tudu da gine-gine takan ɓuya 'yan mintuna kafin lokacin da waya ta nuna, dalilin minti 15 ɗin nan kenan.

Maganar hoto. In mutum ya juya wa rana baya fuskarsa baƙi zata fito, ko dai ka yarda da hakan ka ɗauki inuwarsa da hasumiyoyi, ko ya juyo rana ta haska shi ta gefe. Ka danna kan sama a allon waya ka ja hasken ƙasa kaɗan, jan zai fito sosai. Goge gilashin kyamara da gefen riga, feshin ruwa yana sa hoto ya yi dishi-dishi. Kar a miƙa waya waje da ƙarfen jirgi, kuma kar kowa ya ruga gefe ɗaya lokaci guda. Na'urar ɗaukar hoto mai tashi sama kuwa sai da izini a Santambul, a bar ta a masauki.

In kun zo da burodin simit, mai zobe da riɗi ɗin nan, a gutsura a jefa sama, tsuntsayen ruwa zasu biyo jirgi suna cafewa tun bai faɗi ba, yara ba sa mantawa da wannan. Kuma kar ka ce a juya da zarar rana ta ɓace, minti 15 zuwa 20 na bayanta su suka fi, ga kiran sallah yana tasowa daga gaɓa biyu a lokaci ɗaya.

Mataki na 8: Magariba da sauka

Tunda rabin awa ne ya rage, yawanci sauka muke mu yi sallah a ƙasa. Kabatash akwai masallacin Dolmabahce 'yar tafiya kaɗan, Bebek da Ortakoi duk masallatansu a bakin ruwa suke, in kuma a Uskudar kuka ce a sauke ku ga masallacin Mihrimah Sultan nan daura da tasha, duka da wurin mata. Wanda ya fi so ya yi a jirgi, alƙibla kudu maso gabas take, sai a roƙi kyaftin ya tsayar da kan jirgin wuri ɗaya na 'yan mintuna. Da azumi mutane da yawa suna shan ruwa a jirgi, sai ka kama da wuri don gurbin magariba shi yake fara ƙarewa.

In kun ji daɗi kuna son ƙarin awa, ka tambayi kuɗinta kafin a ƙara. Wajen sauka a bi a hankali fiye da shiga, duhu ya yi kuma ƙafa ta saba da lilo. Ka zama na ƙarshe, ka haska kujeru da fitilar waya, caja da takalmin yaro su aka fi mantawa. Cika kuɗi, ka miƙa wa yaran jirgi nasu daban a hannunsu.

In kuɗin shata sun yi yawa

Ku haɗu iyali biyu ko 'yan kasuwa shida takwas ku raba, a kan jirgi ake biya ba a kan kai ba, sai kaga abin ya zo da sauƙi. Akwai kuma tasin ruwa na hukumar birni da ake kira ta manhaja, ku kaɗai ne a ciki amma shi kai ku zai yi daga tasha zuwa tasha, ba ya tsayawa kallo. Kamfanin jiragen birni, Shehir Hatlari, yana da gajeren zagayen Bosforos daga Eminonu na wajen awa biyu da araha, sai dai lokacinsa ba lallai ya dace da magariba ba, ka duba jadawali.

Mafi araha duka, ka tsallaka Uskudar da jirgin fito da katinka, ka taka bakin ruwa zuwa Salajak daura da Kiz Kulesi ka zauna, ko kuma ka lissafa ka hau jirgin da zai taso daga Kadikoi a gefen Asiya zuwa Eminonu ko Karakoi a gefen Turai kamar minti 15 kafin magariba. Tafiyar wajen minti 20 ce zuwa 25, ka hau bene ka nemi kujerar waje ta hannun hagu tun kafin a cika, mai shayi zai zagayo da tire.